Yadda Ake Ɗora Madubin Dare a kan Bindigar Iska da Saita Shi Domin Farautar Ɓera da Gafiya

Manomin da ke ajiye shanshera a Argungu, Suru, Bunza ko Yauri ya san cewa da dare ɓera da gafiya suke huda buhu, kuma da zarar an haska musu tocila sai su shige rami. Guba tana da haɗari a wurin da ake ajiye abinci, ga kaji da yara suna kaiwa da komowa, shi ya sa wasu masu sito da masu gonakin kaji suka koma ga bindigar iska mai madubin dare, wato na'urar hango da ake ɗora mata domin gani da saiti cikin duhu. Na daɗe ina ɗora irin wannan madubi, kuma abin da nake so mai koyo ya riƙe tun daga farko shi ne kusan dukan aikin da rana ake yin sa, a zaune, cikin natsuwa. Dare na tabbatarwa ne kawai.

Kafin ka sayi komai, ka fara gyara matsayinka a gaban hukuma. Dokar Makamai ta 1959 ta sanya bindigar iska cikin makaman da ba a riƙe su sai da lasisin 'yan sanda, kuma shigo da na'urar gani da dare cikin Nijeriya yana buƙatar takardar izini daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan harkokin tsaro. Ka je hedikwatar 'yan sanda da ke Birnin Kebbi ka ji sharuɗɗan da ake bi a lokacin, sannan ka sayi madubin a hannun wanda zai iya nuna maka takardunsa. Haka kuma mai unguwa da 'yan sintirin garinku su san abin da kake yi da wurin da kake yinsa, domin a halin da yankinmu yake ciki, mutumin da aka hango da bindiga cikin duhu ba a tsayawa tambayarsa ko ɓera yake nema.

Kayan aiki

Abu na farko shi ne bindigar kanta, mai cin ƙwayar dalma ta milimita 4.5 ko 5.5. Iri biyu ne suka fi yawa: mai sifirin wadda ake karya bakinta a ɗana, da mai tankin iska wadda ake cikawa da famfo, wadda ake kira PCP. Bambancin yana da muhimmanci, domin mai sifirin tana girgiza gaba da baya a kowane harbi, kuma wannan girgizar tana lalata madubin da ba a yi shi dominta ba. Idan taka mai sifirin ce, ka karanta takardar madubin ka ga ko an rubuta cewa yana jure wa irinta.

Na biyu shi ne madubin. Wanda ya fi dacewa da wannan aiki shi ne na dijital, wato kyamara ce a gaba da ɗan allo a baya, kuma ana iya kunna shi da rana ba tare da ya lalace ba. Akwai tsohon iri mai bututun ƙara haske wanda yake nuna komai kore. Shi hasken rana yana ƙona shi, saboda haka ba a cire murfinsa mai ɗan huji sai da dare. Akwai kuma ƙaramar na'ura da ake maƙalawa a bayan madubin rana na yau da kullum ta mayar da shi na dare. Kowanne daga cikinsu yana tafiya da fitilar infared, mai hasken da idon mutum ba ya gani amma kyamara tana gani. Mai lamba 850 ta fi kai wa nesa, sai dai ana ganin ɗan ja a bakinta. Mai lamba 940 ta fi ɓoyuwa amma ba ta nisa sosai. A cikin sito, inda nisan bai wuce mita 25 ba, kowacce ta wadatar.

Sauran kayan su ne mariƙin madubi ko zobba biyu, alanki masu girman notunansa, sukudireba, tsumma mai tsabta da ɗan sifirit na goge maiƙo, ƙaramin ma'aunin magina mai ƙwayar ruwa, zare da ɗan dutse, tef na awo, kwalaye, baƙar maka ta rubutu, buhu biyu na yashi, gwangwanin ƙwaya iri ɗaya, da batir cikakke guda biyu. Yawancin waɗannan maduban suna cin batir mai lamba 18650, wasu kuma suna karɓar wuta daga fawa bank. Idan kana da tabarau na kare ido, ka sa shi, domin ƙwaya tana dawowa idan ta bugi abu mai tauri.

Mataki na 1: Tabbatar da bindigar babu komai a ciki

Karya ta ko ka buɗe ta, ka duba ramin bakin da idonka, ka cire gidan ƙwaya idan tana da shi, ka sa makullin kunama. Kada ka harba mai sifirin ba ƙwaya don ka gwada, yin haka yana lalata robar cikinta. Daga nan ka bi notunan da suka haɗa ƙarfen bindigar da katakonta ka ɗaure su. Mutane da yawa suna zargin madubi da rashin saiti alhali katakon ne yake motsi a ƙarƙashin ƙarfe.

Mataki na 2: Daidaita mariƙi da doron bindiga

Duba doron bindigarka. Idan tsagi biyu ne dogaye a gefe da gefe, faɗinsu kamar milimita 11 ne, kuma shi ne ya fi yawa a bindigogin iska. Idan kuwa dandamali ne mai haƙora a jere, shi ne Picatinny, faɗinsa kamar milimita 21. Yawancin maduban dare suna zuwa da mariƙi na Picatinny, don haka mai doro na 11 yana buƙatar ƙarfen haɗi da ke mayar da wannan zuwa wancan. Kada ka yarda a cusa takarda ko guntun gwangwani don mariƙi mai faɗi ya kama doro siriri. Zai kama a ranar, amma kowane harbi zai karkatar da shi kaɗan. Idan madubinka na zobba ne, ka san kaurin jikinsa, ko milimita 25.4 ko 30, ka sayi zobban da suka yi daidai da shi.

Goge doron da ƙasan mariƙin da sifirit har maiƙo ya fita gaba ɗaya. A kan mai sifirin za ka ga ɗan rami a bayan doro, a ƙasan mariƙi kuma akwai ɗan ƙusa da ake saukarwa ya shiga ramin. Shi ne yake hana madubi ja da baya. Idan mariƙinka ba shi da ƙusan, ka nemi ɗan ƙarfen tokara da ake ɗaurewa a bayansa. A kan Picatinny kuwa, ka sa sandar mariƙin cikin tsakanin haƙora, ka ɗaure notunan gefe a hankali, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da ka gama da guda kafin ka taɓa ɗan'uwansa ba.

Mataki na 3: Nemo nisan ido

Ɗora madubin ba tare da ka ƙarasa ɗaurewa ba, yadda zai iya zamewa gaba da baya. Zauna irin zaman da za ka yi a sito, ka rufe ido, ka ɗauki bindigar zuwa kafaɗa, ka kwantar da kumatunka a kan katako inda ya yi maka daɗi, sannan ka buɗe ido. Idan ka ga allon gaba ɗaya har kusurwoyinsa, to wurin ya yi. Idan sai ka miƙa wuya ko ka ja kai baya kafin ka gani, madubin za ka matsar, ba kanka ba. Maduban dare sun fi na rana tsawo daga kan doro, saboda haka sau da yawa kumatu yakan rasa wurin kwanciya. Maganin shi ne ka naɗa guntun soso ko fata a gindin bindigar, ka ɗaure da roba, har idonka ya zo daidai da allo. Ka bar tazara tsakanin gira da bakin madubi, musamman a kan mai sifirin.

Mataki na 4: Miƙar da layukan saiti

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ne yake haddasa kuskuren da ba a gane dalilinsa, inda ƙwaya take faɗa daidai a mita 15 amma ta karkata gefe a mita 25. Kwantar da bindigar a kan buhunan yashi, ka ɗora ma'aunin magina a wani wuri mai faɗi na doronta, ka gyara har ƙwayar ruwan ta tsaya a tsakiya. Rataya zare mai ɗan dutse a jikin reshe ko ƙusa, kamar mita 10 daga gabanka, a inda iska ba ta kaɗa shi. Leƙa ta madubin ka juya shi a hankali cikin zobbansa har layin tsaye na saiti, wato na tsaye daga cikin layukan da suka gicciye a allo, ya kwanta a kan zaren daga sama har ƙasa. Idan ba ka da ma'aunin magina, ana iya sa wa wayar zamani manhajar awon daidaito da za ta yi aikin, wasu maduban dijital ma suna nuna karkata a allonsu.

Yanzu ka ɗaure notunan zobba a gicciye, na gaba na hagu, na baya na dama, haka har su kama, kana lura da cewa tazarar da ke tsakanin rabin zobe na sama da na ƙasa ta zama iri ɗaya a ɓangarorin biyu. Ƙarfin da ake so bai wuce abin da yatsu biyu za su iya ba idan ka riƙe gajeren hannun alanki. Wanda ya sa dogon hannu ya danna da ƙarfin damtse zai iya matse jikin madubin ko ya cinye zaren noti. Bayan ka gama, ka sake duba zaren, domin ɗauri yakan juya madubi kaɗan.

Mataki na 5: Gyara gani

Wurare biyu ake murɗawa, kuma akwai wanda ake farawa da shi. Na baya, kusa da ido, shi ne na daidaita allo da ƙarfin idonka: kalli bango ko sama, ka murɗa shi har rubuce-rubucen allon da layukan saiti su fito tangaran, sannan ka bar shi har abada, sai dai idan wani ne zai yi amfani da bindigar. Na gaba shi ne na nisa, shi ake murɗawa har abin da kake kallo ya fito fili. Mai koyo yakan ga hoto ya yi dishi-dishi sai ya kama murɗa na baya, daga nan komai ya rikice masa. Idan naka na maƙalawa a bayan madubin rana ne, ka tabbata madubin ranar yana da wurin gyaran nisa da ke saukowa zuwa mita 10, in ba haka ba hoton kusa ba zai taɓa fitowa sosai ba.

Mataki na 6: Saitin farko a mita 10

Nemi wuri mai ganuwar ƙasa ko tudun yashi a baya, inda babu hanya, babu gida, babu turken dabbobi. Bangon siminti da kwanon rufi ba su dace ba, suna mayar da ƙwaya. Kafa babban kwali, ka zana ɗigo baƙi kamar girman ƙwayar gyaɗa a tsakiya, ka auna mita 10 da tef. Safiya ko yamma lis sun fi, lokacin da iska ta kwanta. PCP ana kwantar da ita kai tsaye a kan buhu. Mai sifirin kuwa ka sa tafin hannunka tsakaninta da buhun, ka riƙe ta sako-sako, kuma riƙo iri ɗaya a kowane harbi, domin ita saitinta yana canzawa da canjin riƙo.

Harba uku kana saita ɗigon kowane lokaci, ba tare da ka taɓa komai a madubin ba. Idan hujin uku sun taru wuri ɗaya, ko da nesa da ɗigon, to aiki ya yi kyau, saura gyara. Idan sun warwatse, kada ka fara gyaran saiti tukuna, sauri ya haifi nawa. Koma ka duba notuna, riƙonka, da ƙwayar kanta, domin ƙwayar da gindinta ya lanƙwashe a gwangwani ba ta tafiya daidai.

Gyaran ya danganta da irin madubin, kuma a nan ne aka fi yin kuskure. A madubin dijital, za ka shiga wurin saiti a jerin umarninsa, ka ɗora alamar saiti a kan ɗigon, ka daskarar da hoton idan yana da wannan damar, sannan ka tura alamar da maɓallai har ta hau tsakiyar hujin uku, ka adana. Wato alama ce take bin huji. Idan babu damar daskarar da hoto, sai ka danne bindigar da buhuna yadda ba za ta motsa ba yayin da kake turawa. A madubin da ake murɗawa kuwa, rubutun da ke jiki yana nufin inda ƙwaya za ta koma: idan ta faɗa ƙasa da ɗigo, ka murɗa na sama zuwa inda aka rubuta UP, idan ta faɗa hagu, ka murɗa na gefe zuwa inda aka rubuta R. Wanda ya ɗauki tunanin wancan ya kawo wannan zai ga huji yana ƙara nisa da ɗigo a kowane gyara.

Kowane ƙas da ka ji yayin murɗawa yana da awonsa. A madubin da aka rubuta 1/4 MOA, ƙas ɗaya yana matsar da ƙwaya kamar milimita 7 a mita 100, wato kamar milimita ɗaya da rabi a mita 20, da rabin haka a mita 10. Ke nan idan ƙwaya ta sauka santimita 3 ƙasa da ɗigo, ƙas 20 kake buƙata a mita 20, amma 40 a mita 10. Mai koyo yakan murɗa biyar ya ga babu canji ya ce madubin ya mutu, alhali lissafi ne bai kai ba. A mita 10 ba a neman cikakken saiti; gyara hagu da dama sosai, ka bar ƙwaya tana faɗawa kamar santimita ɗaya ko biyu ƙasa da ɗigo.

Idan ka murɗa har ƙarshe amma ƙwaya tana ƙasa, yawanci bakin bindigar mai karyawa ne ya ɗan sunkuya, abin da ya zama ruwan dare a irinta. Kada ka tilasta abin murɗawa. Nemi mariƙi mai ɗaga baya, ko ka sa siririn yanki ɗaya ko biyu na robar gorar ruwa a cikin zoben baya, a ƙarƙashin madubin, ka mayar da abin murɗawa tsakiya, ka sake farawa.

Mataki na 7: Saiti na ainihi da sanin faɗuwar ƙwaya

Auna tsawon sitonka ko nisan da ke tsakanin inda za ka zauna da ramukan, ka yi saitin ƙarshe a wannan nisa. Ga yawancin mutane mita 15 zuwa 20 ne. Harba biyar-biyar, kana gyara daga tsakiyar tarin huji, har su taru a kan ɗigo cikin faɗin da bai wuce santimita 2 ba. Nisan da ba ka iya tara su haka ya fi ƙarfinka, kuma bai kamata ka harbi mai rai a can ba, domin raunata dabba ta shige rami ta mutu a hankali zalunci ne, ga wari a cikin sito.

Bayan haka ka kafa kwali a mita 5, 10 da 25, ka harba kana saita ɗigo, ka ga inda ƙwaya take faɗawa a kowanne. Za ka tarar cewa a mita 5 tana sauka ƙasa da santimita uku ko huɗu, saboda madubin yana sama da bakin bindiga da kamar santimita 6 ko 7, kuma ƙwaya ba ta riga ta hau layin gani ba. Rubuta waɗannan a guntun takarda ka manna a gindin bindiga. Ka kuma tuna cewa madubi yana iya ganin sarari alhali bakin bindiga yana fuskantar buhu ko bakin taga. Rubuta lambobin saitin da allon ya nuna a littafi, kuma kada ka canza irin ƙwaya ba tare da ka sake gwaji ba.

Mataki na 8: Gwajin dare

Koma wurin gwajin bayan isha'i, tare da sanin maƙwabta. Baƙar maka ba ta fitowa sosai a hasken infared, don haka ka manna guntun baƙin tef ko ka huda ɗan rami a kwalin ya zama ɗigo. Kunna fitilar a mafi ƙarancin ƙarfi, ka sassauta mariƙinta ka juya ta har tsakiyar haskenta ya haɗu da tsakiyar allo, ka ɗaure. Sake murɗa gyaran nisa na gaba, domin hoton da ya fito da rana yakan ɗan dushe a infared. Harba uku, in sun faɗa inda na rana suka faɗa, ka gama.

Yawan haske shi ne babbar matsalar cikin sito. Fararen buhuna, bango mai farar ƙasa da kwanon rufi suna mayar da infared har allo ya yi fari fat, a rasa ganin abin da ke cikin lungu. Rage ƙarfin fitilar, ka buɗa haskenta ya bazu, ka kuma rage hasken allon don kada idonka ya makance idan ka ɗaga kai. A lokacin hunturu ƙura tana yin irin wannan a waje, kuma ƙara ƙarfin fitila ƙara hazo yake yi. Matsowa kusa ne magani. Kada ka ja hoto ya yi girma sosai, ninki uku ko huɗu ya isa.

Wanda bai sami madubin dare ba, ko takardunsa ba su kammala ba, zai iya ɗaura tocila mai jan haske a ƙarƙashin madubin rana, ko ya rufe gilashin tocila da jar leda. Ɓera bai cika firgita da jan haske mai rauni ba, kuma duk matakan ɗori da saiti da aka bayyana ba su canza ba.

Mataki na 9: Ka'idojin harbi da kwashe abin da aka kashe

A allon dare idanu ne suke fara bayyana, ɗigo biyu masu ƙyalli, kuma idon kyanwa, na ɗan akuya da na gafiya duk haka suke ƙyalli. Ba a harbin ido. Sai ka ga jikin dabbar gaba ɗaya, ka san mece ce, ka kuma san abin da ke bayanta. Madubi yana nuna wuri ƙanƙane, saboda haka ka kulle ƙofar sito, ka tabbata babu mai gadi ko yaro a ciki, kuma yatsa ba ya shiga wurin kunama sai lokacin harbi.

Kada ka harbi ɓera yana kan buhu, domin dalma za ta shiga hatsi. Abin da ya faru da yara a Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara a 2010 ya nuna wa mutanen wannan yanki illar gubar dalma, don haka ka zuba ɗan tsaki ko ƙuli-ƙuli a ƙasa gaban buhun yashi ko katako mai kauri, ka jawo su can, ka share ƙwayoyin da suka zube da safe, kada kuma ka riƙe ƙwaya a baki, ka wanke hannu kafin cin abinci. Ɓera yana ɗauke da zazzaɓin Lassa a fitsarinsa da jininsa, saboda haka da shebur ko safar hannu ake ɗaukar gawarsa, a binne ta da zurfi nesa da rijiya, a wanke wurin da ruwan bilic.

Idan ka gama, cire ƙwaya, cire batir daga madubi da fitila, ka busa ƙurar gilashi kafin ka goge shi da tsumma mai laushi don yashi kada ya karce shi, ka mayar da murfi. Kada ka bar madubin ko batirinsa cikin mota a rana a watannin Maris da Afrilu. Ajiye bindiga a kulle, ƙwaya a wani wuri dabam. Duk lokacin da ka yi tafiya da ita a kan babur, ko ta faɗi, ko ka buɗe sabon gwangwanin ƙwaya, ka taɓa notuna da alanki ka harba uku a kwali kafin ka shiga sito.